An Goge Sunan Auta

Shafi na 19

Masu turo min saƙo kuna cewa Yaya mutumin kirki ne, wai matsin aiki ne kawai ya canza shi, to ku gyara zama. Ni dai na daina kare shi. Ku karanta, sai in ga mai sauran bakin magana a cikinku.

*

Da murnarta Auta ta hau benen, har tana tsallake matakala. Rabonta da ɗakin aikin nan tun ranar da Abba ya faɗi a banɗaki, ɓarin jikinsa ya shanye, bakinsa ya mutu. Ita ta tattara ta tare a asibiti jinya, da aka sallame shi kuma jinyar ta biyo ta gida. Sai yau da safe Yaya ya kira ta ya ce wasan kwamfutar da suke haɗawa ya kammala, yau za a sake shi duniya ta gani, ta zo da wuri.

Ta tura ƙofar da sallama, dariya fal bakinta.

Ɗakin yana nan yadda ta san shi. Fankar nan mai kuka, wayoyin wuta a barbaje a ƙasa, da babbar kwamfutar da ke bakin taga, ita kaɗai ce mai ƙarfin ɗaukar wasan, a kanta suke karɓa-karɓa su duka. Sai dai kujerarta an jibge mata kwalaye, zane-zanenta da ta lilliƙa a bango kuma babu ko ɗaya, sai tabon gam.

"Kin zo da wayarki?" in ji Yaya.

Ko ya jikin Abba bai tambaya ba.

"Ina zan bar ta?" Ta juya ga abokinsa, wanda ya yi duk wani sauti da ke cikin wasan. "Mai Kiɗa, ba magana? Ko ba ka gane ni ba ne don na rame?"

"Sannu da zuwa, Auta. Ya mai jiki?"

Ƙasa yake kallo yana maganar. Mutumin da in ya fara tsokanarta sai ta jefe shi da takalmi. A nan ne ya kamata ta sha jinin jikinta, amma ina, murna ta rufe mata ido.

"Yaya, matsa min in buga ƙarshen. Ni fa a takarda kawai na san shi, ban taɓa ganinsa yana motsi ba."

"Babu lokaci. Kamfani na jiranmu."

"Haba dai! Shekara da shekaru muna abu, a ce ɗan wannan ne babu lokacinsa?"

Ba ta jira izininsa ba, ta zagaya ta ja kujerarsa ta zauna. Mai Kiɗa ya kalli Yaya, Yaya ya kalli fanka.

Ga ta nan a allo, 'yar yarinyarta Mai Fitila, da ƙaramin ɗankwalinta da ke karkacewa in ta yi gudu. Auta ta ɗan saki maɓallan da gangan, yarinyar ta tsaya, ta goge hanci da bayan hannu, ta leƙo waje kamar mai cewa ina jiran ki. Auta ta tuntsire da dariya har da ƙwalla. Sai da ta zana wannan goge hancin sau ba adadi kafin ya yi mata.

Ta sauka da ita matakin ƙarshe, can ƙasan rijiya, inda yarinyar take samun mahaifinta a zaune cikin duhu. Tsohon ya miƙo hannu, hannun a lanƙwashe, yatsun a dunƙule.

Hannun Abba ne. A bakin gadonsa ta zana shi, yana kallon ta.

Kiɗa ya tashi a hankali, allon ya yi baƙi, sunaye suka fara hawa.

Labari, sunan Yaya.

Haɗa wasa, sunan Yaya.

Zane da motsi, sunan Yaya.

Kiɗa da sauti, sunan Mai Kiɗa.

Sai wani ɗan layi ƙarami a ƙasa: godiya ga iyalina.

Shi ke nan. Allon ya koma farkon wasa.

Ta daɗe tana kallon sa. Ta sake kunna sunayen, ko idonta ne ya tsallake. Suka sake hawa yadda suka hau ɗazu.

"Yaya, an yi kuskure a nan."

Yaya ya ci gaba da kallon fanka.

"Na ce an yi kuskure. Wajen zane, sunanka aka sa."

"Ba kuskure ba ne."

Wallahi da mari ya kwaɗa mata da ya fi mata sauƙi. Ta juyo da kujerar a hankali.

"Kai ka yi zanen?"

"Auta, kada ki mayar da abu ƙarami babba."

"Tambayar ka na yi. Kai da ko kaza ka zana sai an tambaye ka mene ne wannan, kai ka yi Mai Fitila?"

Ya sha mur, ya harɗe hannuwa a ƙirji. Irin tsayuwar da yake yi tun suna yara in ya san ba shi da gaskiya.

"Doka ce, kuma kin san ta. Duk wanda ya bar aiki kafin ranar saki, ba a sa sunansa. Ko kin manta wanda ya kawo dokar? Lokacin da Dogo ya samu aikin banki ya tafi ya bar mu, wa ya buga teburin nan ya ce ko harafi ɗaya na sunansa ba zai shiga ba? Ni ne?"

Maganar ta soke ta, don gaskiya ce. Dogo ne ya gina matakan farko na wasan, kuma ita ce ta fi kowa zafi ranar da ya tafi.

"Dogo don kansa ya tafi. Ni wa ya tura ni?"

"Ba wanda ya..."

"Kada ka soma! A barandar asibiti ka riƙe hannuna kana kuka, ka ce Auta ke ce mace, ke za ki iya da shi, ni ba zan iya ganin sa a haka ba. Ka ce ki riƙe Abba, ni in riƙe wasan, kowa ya yi wa ɗan'uwansa. Ka faɗa ko ba ka faɗa ba?"

"Na faɗa."

"To ina aikin da na bari? Ni nake juya shi, ni nake wanke shi, ni nake ba shi abinci a baki yana dawowa da shi a jikina. Da ya samu barci in jawo allon zanena in ɗora a gwiwa. Duk rijiyar nan a kujerar roba na zana ta, ina turo maka ɗaya bayan ɗaya. Mai Kiɗa, ƙarya nake yi?"

Mai Kiɗa ya share gumi. "Ba ƙarya kike yi ba."

"Kai ba da kai ake ba," Yaya ya daka masa tsawa. Ya juyo gare ta, ya sassauta murya, wai shi mai lallashi. "Ki fahimce ni. Kin san yadda muke aiki. Kwamfuta ɗaya, asusu ɗaya, nawa. Duk abin da ya shiga wasan nan da sunana ya shiga, naki da na kowa. Da mutanen kamfani suka duba, sunana suka gani a kan komai. Me kike so in ce musu?"

"Gaskiya."

"Gaskiya!" Ya yi wata dariya marar daɗi. "Ke kina can, ba ki san abin da na sha a nan ba."

"Ina can ina hutawa, ko?"

Ya kawar da kai.

Ta tuna ranar da suka sayo kwamfutar, su uku a bayan mota suna rungume da ita kamar jaririya. Ita da bakinta ta ce a bar asusu ɗaya, me za a yi da rarrabewa, ai duk gida ne. Yau ga gidan ya faɗo mata a ka.

"Ba komai," ta ce, tana danne muryarta. "Ba a saki wasan ba tukuna. Rubutu ne, goge shi ba ya cin lokaci. Ka buɗe ka gyara, ina zaune."

"Ba zai yiwu ba."

"Saboda me?"

"Na ce ba zai yiwu ba!"

Mai Kiɗa ya miƙe tsaye, kujerarsa ta faɗi baya.

"Ka faɗa mata mana! Wallahi ni na gaji, abinci ma ba ya min daɗi. In ba za ka faɗa ba ni zan faɗa."

"Ka buɗe baki, sunanka ma ya fita."

"Ya fita ɗin!" Ya juyo, idonsa jajur. "Auta, ba maganar doka ba ce, wannan duk kwana-kwana ce. Kamfanin da zai tallata wasan cewa suka yi duk mai hannu a ciki sai ya sa hannu ya sallama musu nasa. Ni na sa a kan kiɗana. Da aka zo kan zane, ya san ba za ki yarda ba, don kin sha faɗa cewa ko za a mutu ba za ki sayar da yarinyar nan ba. Shi ne ya sa hannu a gaban lauyansu cewa shi kaɗai ya zana komai. In sunanki ya fito a allon nan, ƙaryarsa ta fito, su kuma kotu za su kai shi."

Auta ta zuba masa ido.

"Ya sallama musu... me da me?"

"Duka. Rijiyar, tsohon, Mai Fitila. Tasu ce yanzu har abada. Ko a shafinki kika zana ta kika saka, suna da ikon sa a sauke."

"In zana ta da hannuna?"

"Da hannunki."

Ta waiwaya ta kalli allon. An bar wasan ba a taɓa ba, yarinyar tana tsaye da fitilarta, ta goge hanci, ta leƙo. Nan kukan ya ƙwace wa Auta, mai sauti, irin wanda ko ranar da Abba ya faɗi ba ta yi ba, don ranar ba ta samu sararin yi ba.

"Me na yi maka, Yaya? Don Allah me na yi maka?"

"Ba ki yi min komai ba." Muryarsa ta karye kaɗan, amma ya yi ta maza. "Da ban sa hannu ba da sun tafi. Kin san kamfani nawa suka kore mu kafin waɗannan? Da wasan ya mutu a cikin kwamfutar nan, ba wanda zai taɓa ganin zanen naki. Yanzu duniya za ta gani."

"A matsayin naka."

"Za a yi na biyu. A na biyu zan san yadda zan shigo da ke."

"Ka shigo da ni? Cikin abina?"

Ta miƙe ta ɗauki jakarta. Ba ta iya ko ganin hanya sosai.

"Allah ya ba da sa'a. Ku saki abinku."

Sai ga Yaya ya sha gabanta ya tare ƙofa.

"Tsaya mana. Ba a gama ba."

"Me ya rage? Fatar jikina?"

Ya koma gaban kwamfutar da sauri, ya buɗe shafin kasuwar wasanni, ya danna wani abu.

Jakarta ta yi ƙara.

Ta ciro wayar. Saƙo ne daga kasuwar wasannin, ɗauke da lambar sirri, an ce a shigar da ita don tabbatar da sakin wasa.

Sai a lokacin komai ya faɗo mata. Ranar da suka buɗe shafin wasan a kasuwar, an sace wa Yaya waya, da layinta aka yi rajista. Ba wanda ya sake tunawa da zancen sai yau da aka zo sakin. In babu lambar da ke hannunta, wasan ba ya fita ko nan da ƙofa.

Ta ɗago ta kalle shi, hawaye na bin kumatunta, amma dariya take yi.

"Au! Ashe ba ni ka gayyata ba. Wayata ka gayyata."

"Auta..."

"Na yi wanka, na sa sabuwar riga, na roƙi Umma ta riƙe min Abba. Har ce masa na yi, Abba yau 'yarka za ta shiga duniya. Ashe layin waya aka aika wa goron gayyata."

"Karanto min lambar, ba ta daɗewa take mutuwa. In yau ta wuce ba mu saki ba, mun saɓa yarjejeniya, komai ya rushe. Ba ni kaɗai ba, har wannan da yake tsaye yana miki daɗin baki."

"Ka sa sunana."

"Ba zan iya ba."

"To ni ma ba zan iya ba."

Ya matso, ta ja baya ta ɓoye wayar a bayanta. Mai Kiɗa ya shiga tsakaninsu.

"Kada ka taɓa ta. Wallahi kada ka taɓa ta."

Yaya ya tsaya yana huci. Ya kalli ƙanwarsa, ya kalli allon, sai ya zaro tasa wayar.

"Shi ke nan. Tunda ni ban isa ba."

Ya danna kira, ya buɗe murya yadda kowa zai ji, ya ajiye a kan tebur. Bugu biyu aka ɗauka.

"An saki?" Muryar Umma ce.

"Ba a saki ba, Umma. 'Yarki ta hana."

Auta ta yi wuf ta sunkuya kan wayar, kamar yarinyar da aka doka a waje ta ga uwarta.

"Umma, ba ki san abin da ya yi ba! Ya cire sunana, ya ce shi ya yi zanen, ya sayar musu da..."

"Na sani."

Auta ta ƙara matsar da kunnenta kusa da wayar.

"Na'am?"

"Na ce na sani, Auta. Ni na ce masa ya yi."

Auta ta zauna a kan kwalayen da ke kujerarta.

Umma ta ci gaba, muryarta a gajiye, babu ko alamar kunya a ciki. "Ya zo min da takardun nan lokacin da jikin Abbanku ya fi tsanani, ya ce zai kawo miki ki gani. Na ce kada ya kuskura. Na san halinki. Kina gani za ki tada hankali, ki bar asibiti ki koma wancan ɗakin kuna rigima da mutane. Wa zai ɗaga min shi? Ni da bayan nan nawa? Na ce ya sa hannu ya rufe bakinsa, in Abbanku ya samu sauƙi a yi miki bayani."

"Umma, shekaruna ne a ciki."

"Shekarunki sun fi ubanki?"

"Ban ce ba. Ai ban bar shi ba, Umma, ko sau ɗaya ban bar shi ba. Da kin tambaye ni..."

"Da na tambaye ki da kin ƙi. Kuma wai me ake wa kuka? Sunansa ba sunanki ba ne? Ba uba ɗaya kuke amsawa ba? In an yabe shi ba gidanmu aka yaba ba? Ke da gobe za ki tafi gidan wani, zanen 'yar tsana ne zai bi ki?"

Mai Kiɗa ya dafe kai ya juya wa wayar baya. Yaya kuwa ƙasa yake kallo. Ko shi bai so maganar ta kai nan ba, amma bai katse ta ba, kuma wannan shi ne abin da ni ba zan yafe masa ba.

"Ki saurare ni da kyau," in ji Umma. "Likita ya ce kada a bari ran Abbanku ya ɓaci, kin fi kowa sani. Ba na son wannan maganar ta shigo min gida. Ki ba yayanki abin da yake nema, ki dawo, lokacin maganinsa ya kusa. In dai ni na haife ki, ki karanta masa lambar nan yanzu. Ina jin ki."

Auta ta kalli wayar da ke hannunta. Lambobin suna rawa a cikin hawaye. Ba ta taɓa yi wa Umma musu ba tunda take, ba ta ma san ta inda ake farawa ba. Wani irin baƙin ciki ya tokare mata ƙirji, na wanda aka yi wa fashi kuma aka ce ya riƙe wa ɓarawon fitila.

Yaya ya zauna, ya ɗora yatsunsa a kan maɓallan, bai yarda sun haɗa ido ba.

"Ina jin ki, Auta," Umma ta maimaita.

Ta buɗe baki. Muryar da ta fito ba ta yi kama da tata ba.

"Bakwai..."

Ya danna.

"Biyu..."

Ya danna.

Sai wani gurnani ya taso daga cikin wayar da ke kan tebur, can nesa da Umma, tare da ƙarar gado. Auta ta san sautin, da shi take kwana da shi take tashi. Gabanta ya yanke ya faɗi.

"Umma, a ina kike? Ba dai a ɗakinsa kika ɗauki wayar ba?"

"Innalillahi... ai barci yake yi, na ga idonsa a rufe..."

Gurnanin ya sake tasowa, da ƙarfi wannan karon, yana kokawa da harshen da ya daɗe a mace. Mutumin da tun ranar da ya faɗi bai haɗa kalma biyu ba. Yatsun Yaya suka sandare a kan maɓallan.

"Wa..." in ji Abba, numfashinsa na sarƙewa. "Wa... ya cire... sunan... Auta?"